Mazajen Bama da Littattafan da Aka Rubuta a Kansu

Tun zamanin kakannin kakanninmu babu labarin da ya ke tara jama'a kamar labarin yaƙi. Dubi dai yadda a kan yi a zaure da dare. Ana cikin hira, kowa na tasa, da wani tsoho ya gyara murya ya ce, "Ran da muka yi karo da su a bakin kogi," sai wuri ya yi tsit, har mai gyangyaɗi ya wartsake. Makaɗan fada da wannan su ke cin abinci, suna ƙirga garuruwan da wane ya ci da baraden da ya kayar. Malamanmu na da kuma ba su bar abin a baki kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta yaƙoƙin da aka yi a kan idonsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, har da karon Tafkin Kwatto na 1804. Saboda haka ne har yau mu ke iya sanin wanda ya tsaya da wanda ya juya a wannan rana.

Turawa ma haka su ke, sai dai sun fi mu yawan takarda da injin buga ta. Tun da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945 ba su fasa buga littattafan jaruntaka ba, ko wace shekara sai sababbi sun fito, mutane na rububin saye. Wani littafin janar ne ya rubuta shi, ya faɗi yadda ya shirya rundunarsa. Wani ƙaramin hafsa ne, ya faɗi abin da idonsa ya gani daga cikin rami. Wani kuwa mai littafin bai taɓa jin ƙarar harsashi ba, tsofaffin soja ya bi gida gida, ya tattara maganarsu, ya shirya ta yadda za ta yi daɗin karatu. Ta haka yaron da aka haifa a Ingila ko Amurka shekaru da yawa bayan yaƙin ya kan san sunan tudun da kakansa ya hau, da sunan abokin kakan nan da ya faɗi a gefensa.

To, ga abin tambaya. Wannan yaƙi da mu aka yi shi. Babu lardin da bai ba da 'ya'yansa ba, da wuya kuma ka sami tsohuwar unguwa a Kano ko Zariya ko Bauci wadda ba ta taɓa samun ɗan mazan jiya da ya je Bama ba. In ka buɗe littattafan nan, ina mutanenmu su ke a ciki? Wa ya ba da labarinsu, kuma yaya ya ba da shi?

Yadda Aka Yi Suka Je

Kafin mu kai ga littattafan ya kamata mu san abin da ya faru. Sa'ad da yaƙi ya tashi cikin 1939 ƙasarmu tana ƙarƙashin mulkin Ingila, sojanta kuwa wani sashe ne na rundunar da Ingilishi suka kafa a Afirka ta Yamma, tare da sojan Saliyo, da na Gambiya, da na Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Hausa ita ce harshen bariki a nan ƙasar, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. Da aka bukaci ƙarin mutane sai Gwamnati ta roƙi sarakuna, sarakuna suka aika wa hakimai, hakimai suka aika wa dagatai. Waɗansu samari sun shiga don ra'in kansu, saboda albashi, ko sha'awar kaki, ko son ganin duniya. Waɗansu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa, ba su da ta cewa.

Karon farko a gabashin Afirka aka yi shi, da Italiya. Birged ɗin Nijeriya ya shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941, sa'an nan ya bi abokan gaba arewa, ya ci fiye da mil 700 cikin kwana 17 har garin Jijiga a ƙasar Habasha. Cikin Afrilu na wannan shekara aka karɓe Adis Ababa.

Amma babban aikin yana gaba. Cikin 1942 Japan ta kori Ingilishi daga Bama, ƙasar da a ke kira Myanmar yanzu, ta zo ta tsaya a ƙofar Indiya. Sai manyan Ingila suka ce a kawo sojan Afirka ta Yamma, wai su sun saba da kurmi. Wannan zato kuwa kuskure ne ga yawancin mutanen Arewa, gama wanda ya tashi a Katsina ko Gumel, inda ya kan hangi raƙumi tun yana mil guda, ina ya san dajin da rana ba ta kai ƙasa? Aka dai haɗa runduna biyu cikin 1943, ta 81 da ta 82. Jimlar waɗanda suka ƙetare teku daga Afirka ta Yamma wajen mutum 90,000 ne, fiye da rabinsu daga Nijeriya.

Runduna ta 81 ita ta fara isa. Aka tura ta kwarin wani kogi da a ke kira Kaladan, cikin lardin Arakan, ƙasa mai duwatsu da gora da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Babu hanyar mota, sai da suka sari tasu da adda da diga, wajen mil 75. Abincinsu da harsashinsu duka daga jirgin sama a ke jefo musu da laima. Suka yi ta kutsawa kudu har farkon Maris 1944, sa'an nan Japanawa suka juyo musu da ƙarfi, tilas suka ja da baya. Da damina ta ɗauke suka sake komowa, suka haɗu da runduna ta 82, suka ci Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, cikin Janairu 1945. Daga nan ta 82 ta ci gaba kudu ta Dalet da Tamandu, tana yaƙi har wata daminar ta sauka.

Bataliya uku na Nijeriya kuma, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su an ba Janar Winget, shugaban sojan da a ke kira Chindit, waɗanda a kan sauke da jirgin sama can bayan abokan gaba don su datse musu hanya. Cikin 1944 suna cikin waɗanda suka tsare wani sansani a kan hanyar jirgin ƙasa, wanda soja suka sa wa suna Farin Birni saboda yawan fararen laimomin da suka maƙale a itatuwansa. Japanawa suka yi ta kawo hari dare bayan dare, ba su ci shi ba.

Wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin da na Dalet. Wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit. A Ikko kuma ga Dodan da Myohaung da Arakan. Dukan sunayen nan daga Bama aka zo da su. Wani ma in ya ji Dodan sai ya zaci dodo a ke nufi, alhali kuwa sunan wani wuri ne da aka gwabza a Arakan.

Wanda Ya Riƙe Alƙalami

Littafin da ya fi ko wanne shahara a kan yaƙin Bama shi ne na Janar Silim, shugaban babbar rundunar Ingila ta can. Ya fito cikin 1956, sunansa Defeat into Victory, watau yadda kaye ya juya ya zama nasara. Littafi ne mai kyau, mai shi kuwa ba ya ɓoye kuskurensa. Amma janar daga bisa ya ke hangen yaƙi, kamar shaho. Abin da ke gabansa taswira ce, runduna kaza ta bi nan, runduna kaza ta tsaya can. Hankalinsa yana ga manyan karon da aka yi a Imfal da Kohima da Mandalai, inda aka karya lagon Japan. Sojanmu da ke can gefe cikin Arakan ya ambace su a 'yan wurare, ya wuce. Su kansu Turawan da suka yi yaƙin Bama suna kiran rundunarsu "wadda aka manta", domin idon mutanen Ingila yana kan yaƙin Jamus. To, in an manta da mai gida, ina ga baƙon da ke bayan ɗaki?

Bayan na janar sai littattafan ƙananan hafsoshi, waɗanda suka kwana rami ɗaya da sojanmu, suka sha ruwan kududdufi ɗaya. Charles Carfrae, wanda ya ja wani sashe na bataliya ta 7 cikin Chindit, ya buga nasa cikin 1985. John Hamilton, hafsa a bataliyar Gambiya, ya daɗe yana jin haushin yadda manyan littattafai suka rage wa runduna ta 81 daraja. Da ya tsufa sai ya zauna ya tattara takardun yaƙi da shaidar abokansa, ya fitar da littafi mai suna War Bush cikin 2001. A ciki ya yi ƙoƙarin nuna cewa ja da bayan nan na Maris 1944 ba ragonta ce ta kawo shi ba, umarnin manya ne da ya yi ta sauyawa. Mutumin nan ya yi mana alheri, ya kamata mu san sunansa.

Duk da haka akwai abin da irin littattafan nan ba su iya ba mu. Muryar da ke cikinsu ta hafsa ce. Sojanmu ya kan fito a ciki ana yabonsa, ga haƙuri, ga fara'a, ga biyayya, ga ƙarfin ɗaukar kaya. Amma abin da ya ke saƙawa a zuci sa'ad da ya ke gadi da tsakar dare, da dalilin da ya raba shi da gonar ubansa, da yadda ya ɗauki yaƙin da a ke yi tsakanin sarakuna biyu da bai taɓa gani ba, duk wannan hafsa bai sani ba. Soja kuwa ba ya buɗe wa na gaba da shi cikinsa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Me ya hana namu su rubuta? Yawancinsu ba su yi boko ba. Masu ajami da waɗanda suka koyi karatu a bariki sun rubuto wasiƙu gida, amma wasiƙa in an karanta sai a cusa ta a jikin azara, gara ta gama da ita. Da suka komo kuma neman abinci ya sha musu kai, babu kuwa wani mai buga littafi da ya bi su ya ce su faɗa a rubuta. Gaskiya ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939, ta yi ta kawo wa jama'a labarin yaƙi da Hausa. Malam Sa'adu Zungur kuma ya tarye su da waƙarsa Maraba da Soja. Sai dai jarida a lokacin yaƙi idon Gwamnati na kanta, waƙar maraba kuwa ta mai tarya ce, wanda aka tarya sauraro ne nasa.

Dubi Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya shiga rundunarsu, ya kai samanja. Ya yi yaƙin Habasha, ya yi na Bama, ya sami lambobin yabo, ya bar aiki cikin 1953 da girman kyaftin. Barikin Lakwaja sunansa ya ke ɗauke da shi. Da a Ingila aka haifi mai irin wannan rayuwa, da yara sun haddace labarinsa tun suna makaranta. Mu kuwa abin da ya iso gare mu daga takardun soja ya fito, da bakin hafsoshinsa.

Gizo da Gammo

Ko wace runduna tana da alamar da sojanta ke ɗinkawa a kafaɗa. Alamar ta 81 baƙin gizo-gizo ne. An ɗauko shi daga tatsuniyoyin Asante, inda su ke kiransa Ananse, shi ne kuwa ɗan'uwan Gizon namu, ƙaramin da ke ka da manya da dabara. Alamar ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. I, gammo dai, wanda ɗan dako ke naɗawa ya aza a ka.

Wanda ya zaɓi alamar nan ya san gaskiyar yaƙin. A duwatsun Arakan akwai inda mota ba ta zuwa, akwai inda ko alfadari sai ya tsaya. Saboda haka rundunonin nan biyu suka tafi da dubban 'yan dako, soja ne su ma, da kakinsu da lambarsu. Su ke ɗaukar akwatunan harsashi, da guntayen igwa, da na'urar waya, da abinci. Su ke sare daji su share filin da jirgi zai jefo kaya. Su ke ɗauko wanda aka harba a kan makara, su hau dutse da shi su gangara, har inda ƙaramin jirgi zai iya sauka. Da yawa cikinsu ba su da makami sai adda.

To, ka yi tunani. Mai bindiga in an harbe shi ya rama. Wanda ke tafe da akwatin harsashi a ka, hannu biyu na riƙe da kaya, ana ruwan wuta, ba shi da abin ramawa, bai kuwa yar da kayan ya gudu ba, me za a kira shi? Amma littattafan jaruntaka sun fi son wanda ya yi kukan kura ya faɗa wa ramin abokan gaba, gama shi ne labarinsa ke sa tsikar jiki ta tashi. Ɗan dako sai a ƙirga shi cikin lissafi, a ce mutum kaza sun kai kaya wuri kaza. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka kuma ciwo. A Bama waɗanda zazzaɓin cizon sauro da atuni da gyambo suka kwantar sun fi waɗanda harsashi ya kwantar nesa ba kusa ba. Mutum ya yi wata da watanni tufarsa ba ta bushe ba, matsattsaku na shan jininsa, ƙafa ta ruɓe cikin takalmi. Wannan shi ne yawancin yaƙin, amma shafinsa kaɗan ne a littafi, don ba a yi wa zawo kirari.

Sojan da Ya Rubuta Nasa

Akwai ɗan ƙasarmu guda da ya riƙi alƙalami da kansa. Sunansa Isaac Fadoyebo, Bayarabe ne daga wani ƙauye kusa da Owo. Ya shiga soja cikin 1942 yana ɗan shekara 16, aka koya masa aikin jinya, aka tura shi Kaladan tare da runduna ta 81.

Wata safiya a farkon Maris 1944 ƙungiyarsu ta masu jinya tana bakin kogi. Sun kwana a nan, bayan sun yini suna gangarowa bisa gorori da aka ɗaɗɗaure suka zama kamar gado a kan ruwa. Ba su yi aune ba sai wuta daga ƙetare. Aka kashe waɗansu nan take, harsashi ya farfasa wa Fadoyebo ƙashin cinya. Likitansu, wani Bature, ya rarrafo ya ba shi ruwa, Japanawa suka ƙetaro suka tafi da shi, ba a sake ganinsa ba. Shi kuwa yaron suka dube shi suka ga ba zai kai ko ina ba, suka bar shi ya mutu don kansa.

Bai mutu ba. Kusa da shi akwai wani saje mutumin Saliyo, David Kargbo, shi ma da rauni. Mutanen ƙauyukan wurin suka riƙa kawo musu 'yar shinkafa da ruwa a ɓoye. Daga baya wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman, talaka ne mai iyali, ya ɗauke su ya kai gidansa ya ɓoye. Ƙasar kuwa tana hannun Japanawa, da sun gane da shi da iyalinsa duka sun halaka. Ba ya jin harshensu, ba su jin nasa, ba su da abin biyansa, bai kuma san ko Ingilishi za su sake komowa ba. Haka mutanen nan biyu suka yi wajen wata tara a bayan abokan gaba, har aka cece su cikin Disamba 1944. Sa'ad da Fadoyebo ya isa garinsu yana ɗingishi, danginsa sun riga sun yi makokinsa. Sai da aka watsa masa ƙasa, don a tabbata mutum ne ba fatalwa ba, kana aka rungume shi.

Shekaru suka wuce, ya zauna ya rubuta abin da ya same shi. Wani malamin tarihi na Ingila, David Killingray, ya shirya rubutun, aka buga shi a Amurka cikin 1999, ɗan littafi siriri mai suna A Stroke of Unbelievable Luck, watau sa'ar da ta wuce hankali. Wani ɗan jarida kuma, Barnaby Phillips, ya karanta shi, ya nemi tsohon a Ikko ya same shi da rai. Cikin 2011 ya ɗauki wasiƙar godiya daga hannunsa ya tafi Arakan, ya yi ta tambaya ƙauye ƙauye har ya sami 'ya'yan Shuyiman. Uban ya riga ya rasu, amma 'ya'yan ba su manta da baƙin nan biyu ba. Aka karanta musu wasiƙar, suka yi kuka. Fadoyebo ya rasu cikin 2012, bayan ya ji cewa godiyarsa ta isa. Phillips ya buga labarin duka cikin 2014, ya sa masa suna Another Man's War, watau yaƙin wani. Mutanen Shuyiman kuwa su ne a ke kira Rohingya, waɗanda fiye da 700,000 daga cikinsu suka gudu Bangaladash cikin 2017 saboda kisan da a ke yi musu.

Ka lura da abin da ya faru da soja ya riƙi alƙalami. Fadoyebo bai ce ya kashe kowa ba. Ya faɗi tsoronsa, da warin rauninsa, da yunwarsa. Da ya zo nuna jarumin labarin kuma sai ya nuna manomi marar bindiga, wanda babu janar ɗin da ya san da shi, babu kuwa lambar yabon da aka rataya masa. Ba don ɗan littafin nan ba, da sunan Shuyiman ya bi ruwan Kaladan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma sai da takarda wannan alherin ya sami hanyar komawa gida bayan shekara 67.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Akwai wata hanya kuma da labarin ya bi ya tsira. Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya tashi yana jin hirar Bama a gidansu, gama ubansa ya je. Cikin 2007 ya fitar da littafi mai suna Burma Boy, labarin wani yaro Ali Banana da ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja, ya tsinci kansa a Farin Birni. Ƙagaggen labari ne, mai shi bai ɓoye haka ba, amma daga bakin uba aka samo irinsa. Wannan ya nuna ɗa yana iya biya wa ubansa bashin alƙalami.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in littafin yaƙi ya faɗo hannunka, karanta shi, ka ji daɗinsa, gama akwai ilmi a ciki da abin koyi. Amma ka riƙa tambaya kana tafiya. Wa ya rubuta wannan, kuma a ina ya ke tsaye ran da aka yi abin, cikin rami ko cikin tanti? Wa ya ɗauko harsashin da jarumin ya harba? Mutanen ƙauyen da aka yi karon a gonarsu fa, ina suka kwana a daren nan? In littafi ya nuna maka yaƙi kamar wasan sukuwa ran salla, babu kuka babu zawo, to, ka sani an rage wani abu.

Kusa da birnin Yangon, wanda a ke kira Rangun a da, akwai wata maƙabartar soja a Taukkyan. An kafa ginshiƙai a wurin, an sassaƙa sunayen mutum wajen 27,000 waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. Cikinsu akwai namu, an rubuta su yadda a kan rubuta soja a lokacin, sunan yanka da sunan gari, wane Kano, wane Bauci, wane Sakkwato. Ko wane ɗaya daga cikinsu yana da uwar da ta yi ta duban hanya. Allah ya jiƙansu.

Waɗanda suka komo ma saura ƙalilan, domin wanda ya tafi cikin 1943 yana ɗan shekara 18, yau ya kai 100. Amma 'ya'yansu suna nan, da jikokin da suka yi hira da su. A gidaje da yawa akwai tsohon akwati, cikinsa da lamba mai tsatsa, da takardar sallama daga soja, da hoton wani saurayi cikin kaki. In akwai irinsa a gidanku, ko a maƙwabta, nemi izini a buɗe. Sami littafin rubutu, ka zauna gaban wanda ya fi kowa tsufa, ka tambaye shi. Rubuta sunan sojan da na ubansa da garinsu, da bataliyarsa in an sani, da shekarar da ya tafi da wadda ya komo. Rubuta abin da ya kan faɗa in ana hira, da abin da ya kan sa ya yi shiru. In dako ya yi, rubuta dako ya yi, kada ka ba shi bindigar da bai riƙe ba. Kada ka ƙara gishiri, gama gaskiyar ta isa. In ka gama, karanta wa yaran gida, sa'an nan ka ajiye littafin inda gara ba ta kai.